Arthur Conan Doyle (1859–1930): Marubucin Da Tauraronsa Ya Fi Ƙarfinsa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kama littafi mai kashi-kashi, ya karanta na ɗaya ya wuce na biyu, sa'annan aka bar shi yana zaryar shagon mai sayar da littattafai yana tambayar ko na uku ya fito, ya san irin shaƙuwar da kan ƙullu tsakanin mai karatu da tauraron labari. Tun yana ganinsa a matsayin suna kawai a kan takarda, har ya wayi gari ya san halinsa da dabararsa da irin maganarsa kamar wani maƙwabcinsa. A darasin ƙagaggun labarai an saba nuna mana cewa marubuci shi ke da wuƙa, shi ke da nama a kan taurarinsa: ya raya wanda ya ga dama, ya kashe wanda ya ga dama. Tarihin mutumin da za mu duba a wannan fitowa ya nuna cewa ba kullum ne maganar take haka ba.

Mutumin shi ne Arthur Conan Doyle, likita ɗan ƙasar Sikotilan, wanda ya ƙirƙiro Sherlock Holmes, mai binciken laifuffukan nan da ya fi kowane irinsa suna a adabin duniya. Shekara 40 ya yi yana rubuta labaran Holmes, daga 1887 zuwa 1927, dogayen labarai 4 da gajeru 56. A mafi yawan waɗannan shekaru kuwa neman hanyar rabuwa da shi yake yi, masu karatu suna hanawa.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Doyle ranar 22 ga watan Mayu, 1859 a unguwar Picardy Place ta birnin Edinbura. Iyayensa asalinsu mutanen Ayalan ne, mabiya ɗarikar Katolika. Mahaifinsa, Charles Doyle, ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne mai baiwar zane, amma giya ta yi masa mugun kamu har ta raba shi da aikinsa, ya ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali. Saboda haka nauyin gida da tarin 'ya'ya ya faɗo a kan mahaifiyarsa, Mary, mace mai yawan karatu wadda ta iya ba da labari. A bakinta ya fara jin labaran mayaƙan zamanin da masu sulke da kwalkwali, kuma son irin waɗannan labarai ya bi shi har tsufa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a nan rigimarsa da Holmes ta samo tushe.

Dangin mahaifinsa masu hali ne suka ɗauki nauyin karatunsa. Yana ɗan shekara 9 aka tura shi makarantar kwana ta 'yan mishan a Ingila, ya gama a Kwalejin Stonyhurst a 1875, ya ƙara shekara guda a ƙasar Ostiriya. A 1876 ya shiga Jami'ar Edinbura don karatun likita.

A nan ya haɗu da malamin da ya zamo ƙashin bayan Holmes, wato Likita Joseph Bell, ƙwararren mai fiɗa a babban asibitin birnin. Bell ya ɗauki Doyle a matsayin akawun da ke tsara marasa lafiya yana shigo da su ɗaya bayan ɗaya, don haka ya sami damar kallon yadda yake aiki. Kafin majinyaci ya buɗe baki, Bell kan dube shi ya faɗi sana'arsa da inda ya fito. Akwai wani da ya shigo cikin ladabi amma bai cire hularsa ba. Bell ya ce masa soja ne da bai daɗe da barin aiki ba, kuma ya zauna a tsibirin Barbados. Haka ɗin ne kuwa. Da ya juyo ga ɗalibai sai ya warware masu: soja ba ya cire hula don gaisuwa, kuma da mutumin ya daɗe da barin bariki da ya koyi al'adar farar hula, cutar da ta kawo shi kuma tundurmi ce, wadda ba a kamuwa da ita a Birtaniya sai a ƙasashe masu zafi irin tsibiran can. Abin da ya yi kama da duba, da aka warware shi sai ga shi lura ce kawai da hankali.

Tafiyar da ta kawo shi Legas

Talauci bai bar Doyle ya zauna ga karatu kaɗai ba. A 1880, tun bai gama ba, ya yi wata wajen shida yana likitan wani jirgin ruwa mai farautar manyan kifayen teku a yankin ƙanƙara na arewacin duniya. Da ya sami shaidar likita a 1881, sai ya kama aiki a wani jirgin mai suna Mayumba, wanda ya taso daga Libaful a watan Oktoba zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, yana sauke kaya da fasinja yana ɗaukar manja.

Mutane ƙalilan ne suka san cewa mahaliccin Holmes ya taɓa zuwa ƙasar da daga baya aka raɗa wa suna Nijeriya. Jirgin ya tsaya a Saliyo da Laberiya da gaɓar Gwalkwas, ya iso Legas, ya wuce Boni da Kalaba. A Legas zazzaɓi ya kwantar da shi, ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba, ga shi kuma shi kaɗai ne likita a jirgin, babu mai duba shi. Da kwanansa ya ƙare a nan, da babu wanda zai taɓa jin sunan Holmes. Ya koma gida a watan Janairun 1882 ba da sha'awar sake dawowa ba. Abin da ya rubuta game da mutanen da ya gani a gaɓar nan cike yake da irin rainin da Turawan zamaninsa suke yi wa baƙar fata, kuma ba sai mun yi masa kwaskwarima ba. Sai dai a wannan tafiya ya zauna da Henry Highland Garnet, baƙar fatan Amurka da aka haifa cikin bauta ya zamo jakadan ƙasarsa a Laberiya, kuma zurfin ilimin dattijon ya girgiza wasu daga cikin tunane-tunanen da matashin likitan ya taso da su.

Likita mai jiran marasa lafiya

A tsakiyar 1882 ya sauka a unguwar Southsea ta garin Portsmouth da kuɗin da ba su kai fam 10 ba, ya kama hayar gida ya kafa allon likita a ƙofa. Ba shi da halin ɗaukar ɗan aiki, sai ya bari dare ya yi ya fito ya goge allon da kansa don kada maƙwabta su gani. Shekarar farko fam 154 ya samu. Marasa lafiya ba su cika zuwa ba, shi kuwa zaman jiran ya ba shi lokacin rubutu da na wasanni, har ya yi wa wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin tsaron gida. A 1885 ya auri Louisa Hawkins, 'yar'uwar wani majinyacinsa da ya rasu a hannunsa.

A 1886 ya zauna ya rubuta labarin binciken kisan kai. Ba shi ya fara irin wannan ba. Edgar Allan Poe na Amurka da Emile Gaboriau na Faransa sun riga shi, kuma ya karanta su. Abin da ke damunsa da yawancin labaran lokacin shi ne mai bincike kan gano mai laifi bisa sa'a, ko kuma ba a nuna wa mai karatu yadda aka yi ba. Shi sai ya ɗauko dabarar Bell ya ɗora wa tauraronsa. Ya sa wa littafin suna A Study in Scarlet. Kamfanonin ɗab'i da dama suka ƙi karɓa, daga ƙarshe kamfanin Ward Lock ya saye haƙƙin mallakarsa ɗungurungum a kan fam 25, ya fitar da shi a wata mujallar Kirsimeti a ƙarshen 1887. Bai sake samun ko sisi daga wannan littafi ba, kuma fitowarsa ba ta tayar da wata ƙura ba. Na biyu, The Sign of the Four, ya fito a 1890 bisa buƙatar wata mujallar Amurka.

Shi Doyle hankalinsa na wani wuri. A wannan tsakani ya rubuta Micah Clarke da The White Company, manyan labarai da ya gina a kan tarihin Ingila, waɗanda ya sha wahalar bincike kafin ya rubuta su. A ganinsa waɗannan su ne adabi, su ne za a riƙa tuna shi da su. Holmes kuwa na cefane ne.

Mujallar Strand da sirrin daɗin labaran

A farkon 1891 ya je birnin Biyana don ƙaro ilimin ciwon ido, ya dawo ya buɗe wurin duba ido a Landan. Bisa faɗarsa, babu majinyaci ko ɗaya da ya taka ƙofar. A daidai wannan lokaci wata sabuwar mujalla mai suna Strand ta fara fitowa wata-wata, ana sayar da ita sosai a tashoshin jirgin ƙasa. Doyle ya lura da wata matsala: dogon labarin da ake yankawa ana bugawa kashi-kashi, wanda kashi ɗaya ya kuɓuce masa ya yi asarar zaren labarin, sai ya watsar. Gajerun labarai masu zaman kansu kuma ba su da abin da zai ja mutum ya sayi fitowa ta gaba. Sai ya haɗa biyun: kowane wata labari cikakke mai farko da ƙarshe, amma tauraro ɗaya ne. Wannan tsari da muke gani yau a wasannin talabijin kamar tun can haka yake, Doyle na cikin waɗanda suka kafa shi. Na farko, A Scandal in Bohemia, ya fito a watan Yulin 1891, kuma kafin shekarar ta ƙare ya ajiye likitanci gaba ɗaya.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin tambayar da ta fi dacewa da ɗalibin adabi ita ce: me mai karatu yake samu a labaran nan da har ya kasa haƙura da su?

Idan aka duba zubi da tsarinsu, kusan duk hanya ɗaya suke bi. Ana buɗewa da Holmes da abokinsa Likita Watson a ɗakinsu na gida mai lamba 221B a titin Baker, wuta na ci a murhu, hazo ya rufe gari. Holmes na zuƙar lofe ko yana goga gogensa irin na Turawa, yana ƙorafin cewa masu laifin zamani ba su da basira. Sai a ji takun baƙo a matakala. Ya shigo a rikice, Holmes ya dube shi ya faɗa masa daga inda yake da abin da ya hawo. Baƙo ya zayyana matsalarsa, a hau keken doki ko jirgin ƙasa a je wurin, Holmes ya durƙusa yana duban sawu da tokar taba da madubinsa, 'yan sanda su kama wanda bai ji ba bai gani ba, daga ƙarshe a warware komai. Wani zai ce ai wannan maimaici ne, kuma maimaici aibi ne. A nawa ganin shi ne rabin daɗin. Mai karatu na komawa titin Baker kamar yadda yaro ke komawa gindin kaka da dare: ya san yadda za a buɗe tatsuniya, ya san Gizo zai yi wayo, abin da bai sani ba shi ne ta wace hanya. Sabon abu ɗaya a cikin sanannun abubuwa tara ya fi shiga rai a kan sababbi goma.

Sauran rabin kuma Watson ne. Shi ke ba da labarin, kuma shi ne wakilin mai karatu a ciki. Ba daƙiƙi ba ne yadda wasu finafinai suka mayar da shi. Likita ne, tsohon soja, mai hankali daidai na kowa. Duk abin da Holmes ya gani shi ma ya gani, kuma ya faɗa mana, amma bai san ma'anarsa ba, mu ma haka. Ranar da suka fara haɗuwa Holmes ya gaya masa cewa daga Afganistan yake. Da aka zo bayani sai ga shi a fili: likita ne mai tsayuwar soja, fuskarsa ta ƙone da rana amma wuyan hannunsa fari, ga alamar jinya da rauni a hannu, a lokacin kuwa can ne sojan Ingila ke yaƙi. Mai karatu sai ya ji haushin kansa kaɗan, ya ce ai da na lura, ya ƙudura cewa a labari na gaba ba za a riga shi ba. A labari na gaba kuma a sake riga shi.

Ba wai labaran ba su da kurakurai ba ne. Doyle da gaggawa yake rubuta su, ba ya ko waiwayar na baya. Harsashin da ya sami Watson a kafaɗa a littafi na farko, a na biyu ya koma ƙafa. Sunansa John, amma akwai inda matarsa ta kira shi James. Akwai labarin da aka horar da maciji da fito da madara, alhali maciji ba ya jin fito yadda muke ji. Abin mamaki, masoya Holmes ba su ɗauki waɗannan a matsayin abin kunya ba. Sun mayar da su abin wasa, suna rubuce-rubuce don sasanta su kamar tarihin mutumin gaske suke tacewa. Hatta kamannin da aka san Holmes da su ba duka ne na Doyle ba. Hular nan mai baki gaba da baya mai zanen mujallar, Sidney Paget, ne ya sa masa, lanƙwasasshen lofen kuma daga dandalin wasan kwaikwayo ya samo shi. Tun da wuri Holmes ya fara zama na jama'a.

Kisan Holmes

Tun a watan Nuwamban 1891, labarai ba su fi wata biyar da fara fita ba, Doyle ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa yana tunanin kashe Holmes, domin yana ɗauke masa hankali daga ayyukan da suka fi muhimmanci. Tsohuwa ta ce bai isa ba. Sai ya sake dabara, ya riƙa tsauwala farashi don mujallar ta gaji ta ƙyale shi. Labarai shida na farko fam 35 aka biya shi a kan kowanne. Ya ce sai 50, aka biya. Ya ce labarai 12 na gaba sai fam 1,000, yana zaton an rabu ke nan, aka amsa ba ciniki. Wahalar da yake kuka da ita ta gaske ce: kowane gajeren labari na buƙatar sabon ƙulli da sabuwar warwara, irin wanda zai ishi dogon littafi.

Shekarar 1893 ta zo masa da nauyi. Mahaifinsa ya rasu a asibiti, likitoci kuma suka tabbatar matarsa na ɗauke da tarin fuka. A wannan shekara ya ziyarci Suwizalan ya ga Reichenbach, inda ruwa ke zubowa daga ƙololuwar dutse zuwa wani rami mai zurfi, ya ce ya sami kabarin Holmes. Ya ƙirƙiro wani gawurtaccen mugu, Farfesa Moriarty, ya haɗa su kokawa a bakin ramin, aka nuna duk sun faɗa. Labarin, The Final Problem, ya fito a watan Disamban 1893.

Masu karatu suka yi ca. Wasiƙun zagi da na roƙo suka yi ta kwarara zuwa gare shi da ofishin mujallar, kuma an ruwaito cewa mutum wajen 20,000 suka janye daga sayenta. Doyle ya toshe kunnensa. Ya kai matarsa garin Davos mai tsaunuka don jinya, ya rubuta labaran wani sojan Faransa mai suna Gerard, ya je Masar. A 1900 ya tafi Afirka ta Kudu ya yi aikin sa-kai a asibitin soja a Bloemfontein lokacin Yaƙin Bowa, inda zazzaɓin taifot ya kashe sojoji fiye da harsashi. Da ya dawo ya rubuta ɗan littafi yana kare Birtaniya daga zargin da duniya ke yi mata kan sansanonin da ta tsare mata da yara, inda dubbai suka mutu. Wannan ne ya jawo aka ba shi lambar girma ta Sir a 1902. Sau biyu ya tsaya takarar majalisa, a 1900 da 1906, duka ya sha ƙasa.

Dawowar mamaci

Shekara takwas ya yi yana cijewa. A 1901 wani abokinsa ɗan jarida, Fletcher Robinson, ya ba shi labarin almarar wani baƙin kare da ake tsoro a dajin Dartmoor. Da ya fara tsara labarin sai ya ga yana buƙatar mai bincike, ga kuma Holmes a ajiye. Ya fitar da The Hound of the Baskervilles daga Agustan 1901 zuwa Afrilun 1902, amma ya nuna cewa abin ya faru ne kafin mutuwar Holmes. Mutane suka yi layi a ƙofar ofishin mujallar. Har yau da yawa na ganin shi ne mafi kyau a cikin dogayen labaran huɗu, ni ma ina cikinsu.

Daga nan kuma ƙofa ta buɗe. A 1903 mujallar Collier's ta Amurka ta yi masa tayin kuɗin da ba a ƙi, ya miƙa wuya. Ya taki sa'a, domin a labarin kisan ba wanda ya ga gawa. A The Empty House sai ga Holmes ya shigo wa Watson a kamannin tsoho mai tallar littattafai, Watson ya faɗi sumamme. Ashe Moriarty kaɗai ya faɗa ramin, shi kuwa ya ɓuya shekara uku yana yawon duniya: Tibet, Farisa, ya leƙa Makka, har ya ziyarci Halifan Mahadi a Hartum. A nan ma gaggawar Doyle ta fito, domin a wancan lokaci Hartum kufai ce, Halifa Abdullahi a Omdurman yake zaune. Ba wanda ya damu. Tun daga nan bai sake gigin kashe shi ba. Ya dai yi masa ritaya zuwa ƙauye yana kiwon zuma, yana fito da shi jefi-jefi har zuwa 1927.

Ranar da Doyle ya zama Holmes

Louisa ta rasu a 1906 bayan jinyar shekara 13. Yana cikin wannan baƙin ciki ne ƙarar George Edalji ta iso gare shi. Edalji matashin lauya ne, mahaifinsa ɗan asalin Indiya ne da ke limancin coci a ƙauyen Great Wyrley. A 1903 aka ɗaure shi shekara 7 bisa zargin fita cikin dare yana farke cikin dabbobi, duk da cewa ɓarnar ta ci gaba bayan an kulle shi. An sake shi bayan shekara 3 ba tare da an wanke shi ba, ke nan ba shi da damar komawa aikin lauya.

Suka yi alkawarin haɗuwa a wani otal a farkon 1907. Doyle ya makara, da ya shigo sai ya hango Edalji yana karanta jarida ya manna ta dab da idonsa, ya kuma karkatar da ita gefe. Karatun ciwon idon da bai kawo masa majinyaci ko ɗaya ba, ranar ya yi amfani. Nan take ya gane mai irin wannan raunin gani ba zai iya ratsa gonaki da shinge cikin duhu da ruwan sama ya yanki doki ya dawo ba tare da an gan shi ba. Ya bi shaidu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a jaridu cewa launin fata ne laifin mutumin. A watan Mayun 1907 aka yi wa Edalji afuwa, ko da yake an hana shi diyya. Wannan shari'a na cikin dalilan da suka sa aka kafa kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuffuka a Ingila a wannan shekara. Da Doyle ya auri matarsa ta biyu, Jean Leckie, a watan Satumba, Edalji na cikin waɗanda aka gayyata walima.

Ya sake yin irin wannan ga Oscar Slater, Bayahude ɗan Jamus da aka ɗaure a 1909 kan kisan wata tsohuwa a Gilasgo. Wannan ta ɗauki lokaci: sai a 1927 aka sake shi, aka soke hukuncin a 1928, aka ba shi diyyar fam 6,000. Suka ƙare da ɓatawa, domin Slater ya ƙi mayar masa da kuɗin da ya kashe a shari'ar. A 1909 kuma ya rubuta The Crime of the Congo, yana tona irin ta'asar da aka yi wa mutanen Kwango a ƙarƙashin Sarki Leopold na Beljiyam saboda roba. Mutumin da ya kare daular ƙasarsa a Afirka ta Kudu shi ne ya tsaya wa mutanen Kwango. Laifin maƙwabci ya fi saurin ganuwa.

Ƙarshen rayuwarsa

Tun yana saurayi ya bar ɗarikar iyayensa, ya daɗe kuma yana sha'awar masu da'awar magana da ruhin matattu. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fito fili ya ce ya rungumi wannan aƙida. Babban ɗansa Kingsley, wanda aka raunata a fagen fama, ya rasu a annobar murar 1918, ƙanensa Innes ya bi shi bayan 'yan watanni. Daga nan ya ba da sauran ƙarfinsa da dukiyarsa ga yaɗa aƙidar, ya yi lacca a Ostireliya da Amurka da Afirka ta Kudu da Kenya. Labaran Holmes na ƙarshe su suka taimaka wajen ɗaukar nauyin wannan yawo.

A nan ne lurar da ya koya wurin Bell ta kwana. A 1917 wasu 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley suka ɗauki hotuna da ke nuna su tare da wasu 'yan mitsi-mitsin aljanu masu fukafukai. Doyle ya gaskata, ya buga hotunan a Strand a 1920, a mujallar da Holmes ya yi suna, har ya rubuta littafi a kai. Sai a 1983 matan biyu, sun tsufa, suka amsa cewa zane ne suka yanka a takarda suka kafe da allurar hula. Haka kuma abotarsa da shahararren mai rufa-idon nan Harry Houdini ta watse bayan 1922, lokacin da matar Doyle ta rubuta shafuka da sunan saƙo ne daga marigayiya mahaifiyar Houdini, da Turanci tsantsa, harshen da tsohuwar ba ta iya ba sosai. Houdini ya sha gaya masa cewa abin da yake yi dabara ce kawai, Doyle ya nace cewa yana da wani ɓoyayyen iko. Da wuya mutum ya karanta wannan babi bai ji tausayinsa ba, domin uba ne da ya binne ɗa yake neman ko da muryarsa.

Ya rasu ranar 7 ga watan Yuli, 1930 a gidansa da ke Crowborough, da ciwon zuciya, yana da shekara 71. Bayan kwana shida dubban mabiya aƙidarsa suka taru a zauren Albert Hall na Landan, aka ajiye kujera guda babu kowa a kai da sunansa a jiki.

Lokacin da yake rubuta labaran, lambobin gidajen titin Baker ba su kai 221 ba. Da aka sake lambobin a farkon shekarun 1930 sai lambar ta faɗa kan ginin wani kamfanin ba da rancen gidaje, Abbey National. Wasiƙu suka yi ta zuwa daga ƙasashe daban-daban da sunan Sherlock Holmes, wasu na gaisuwa, wasu na neman ya taimaka a gano ɓarawo ko ɗan'uwan da ya ɓata, har kamfanin ya ware ma'aikaci yana amsa su, aka yi shekaru wajen 70 ana haka. Su The White Company kuwa yau sai mai bincike ke neman su. A 1991 aka kafa mutum-mutumi a Picardy Place, dab da inda gidan da aka haifi Doyle yake a da. Na Holmes ne, da hularsa da lofensa.